Mai horar da shugabanni zai iya gyara min hali?

Malam, ka ce tunda ka zama manaja ma'aikata ke kuka da faɗanka da katse musu magana a taro, har kamfani zai haɗa ka da mai horar da shugabanni, kana tambaya ko abin na aiki.

Yana aiki, in kai ma kana so. Ni ma an yi min. Da farko zai zauna da na sama da kai, da sa'o'inka, da na ƙasa, ya ji yadda suke ganinka, ya kawo maka ba tare da sunan kowa ba. Ranar da aka karanta min nawa, shayin gabana har ya huce ban kurɓa ba. Daga nan sai ku zaɓi hali ɗaya. Nawa shi ne in bar mutum ya kai aya kafin in buɗe baki. Duk wata nakan koma in tambaye su ko sun ga sauyi. Yawanci akan ɗauki wata 6 zuwa 12.

Kada ka shiga farautar wanda ya faɗi mai zafin, don daga ranar ba mai sake gaya maka gaskiya. Kuma tun farko ka tambaya me za a kai wa kamfani daga hirarku.

Duba takardar shaidar mai horarwar. Matakin farko na shaidar ICF, ƙungiyar masu wannan sana'ar horarwa ta duniya, yana buƙatar awa 60 na karatu da awa 100 na horar da mutane.

In fushin yana tafe da rashin barci ko ƙuncin zuciya, ga likita tukuna.