Ni ba malama ba ce, me ya sa za a tilasta mini allurar korona ta uku?

TAMBAYA (ta Janairu, 2022, lokacin annobar korona): Assalamu alaikum. Malam, ni mazauniyar Makka ce, a wajen Shara Mansur, kuma shekara 11 ke nan ina aikin shara da kula da yara a wata makarantar firamare ta 'yan mata mai zaman kanta. Na yi allurar rigakafin korona sau biyu, ta biyun wata tara ke nan, kuma sai da ta kwantar da ni kwana uku da zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi. Yanzu shugabar makaranta ta aiko mana cewa daga farkon Fabrairu duk wadda ba ta yi ta uku ba kada ta tako ƙofar makaranta. Ni da ba na koyarwa, tana da ikon ɗora mini wannan? Daga wata baiwar Allah, Makka.

AMSA (bisa dokokin da suke aiki a Janairu, 2022): Wa alaikumus salam, Hajiya. Shugabar taku 'yar aike ce kawai, domin dokar daga hukuma ta fito. A ranar 1 ga Agusta, 2021 Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ta Saudiyya ta sanya rigakafi ya zama sharaɗin shiga makarantu da ma'aikatu na gwamnati da masu zaman kansu, sannan ta sanar cewa daga 1 ga Fabrairu, 2022 duk mai shekara 18 zuwa sama da ya cika wata takwas da yin allura ta biyu zai rasa matsayinsa na "muhassan", wato wanda ya yi rigakafi, a Tawakkalna, manhajar waya ta gwamnati, sai in ya yi ta uku. Ke kin riga kin wuce wata takwas ɗin, saboda haka ko kin bar aikin, mai gadin kanti ma zai nemi ganin koriyar alamar rigakafin a wayarki.

Batun cewa ba kya koyarwa, a nan ne nake ganin kin raina matsayinki. Ranar 23 ga Janairu, 2022 'yan firamare za su koma aji bayan kusan shekara biyu suna karatu daga gida, tun da aka rufe makarantu a watan Maris na 2020, kuma za su dawo ne a daidai lokacin da nau'in korona na Omikron yake bazuwa. Yawancinsu ba su kai shekara 12 ba, ba a kuma sharɗanta musu allura ba kamar yadda aka yi wa 'yan sakandare a watan Agusta na 2021. Malama tana iya tsayawa a bakin allo, tazara tsakaninta da yara. Ke kuwa ke ce mai riƙe hannun yarinya ki kai ta banɗaki, ki share mata majina, ki gyara mata takunkumin da ya zame, sannan ki zauna da ita a bakin ƙofa har direbanta ya iso. A duk makarantar babu wadda numfashinta yake haɗuwa da na yara kamar ke. Gaskiya ne allurar ba ta hana kamuwa baki ɗaya, amma tana rage tsananin ciwon ƙwarai, kuma ƙarfin biyun farko yana raguwa bayan watanni, shi ya sa ake ƙara ta ukun.

Ban ga laifinki ba da kika ji ɗar. Bahaushen da ya san labarin gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a Kano a 1996, lokacin annobar sanƙarau, inda yara 11 suka rasu, ba a rana ɗaya ake cire masa shakka ba. Sai dai wancan gwaji ne a kan yara kusan 200, wannan kuwa allura ce da aka yi wa miliyoyin mutane a Saudiyya tun Disamba 2020, har da Sarki Salman. Mu da muka saba ganin alhazanmu ba sa samun shigowa sai da katin rigakafin sanƙarau da na shawara, sharaɗin allura ba baƙo ba ne a wurinmu.

Zazzaɓi da ciwon jiki na kwana biyu ko uku abu ne da aka sani, ba ya cikin dalilan da ake ɗauke wa mutum allura. Amma idan fuskarki ko maƙogwaronki ya kumbura a wancan karon, ko numfashi ya yi miki wuya, ki je wurin likita ya rubuta miki rahoto, domin Ma'aikatar Lafiya ce kaɗai ke da ikon ɗauke miki, kuma kina iya kiran lambarta ta 937 ki ji hanyar da ake bi. Ki guji masu cewa za su gyara miki Tawakkalna a kan kuɗi, an kama masu wannan sana'a, kuma mai iƙama, wato baƙo mai takardar izinin zama, ya fi kowa asara idan asiri ya tonu.

Allurar kyauta ce ga ɗan ƙasa da baƙo. Ki sa 'yarki ta kama miki lokaci a manhajar Sehhaty ta Ma'aikatar Lafiya, kuma ki zaɓi yammacin Alhamis, domin idan zazzaɓin ya sake zuwa ki sami Juma'a da Asabar ki huta kafin aikin Lahadi.