Fatawa: Bindigar .22 mai sakata, da hukuncin abin da ta harbo

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni manomin rani ne a gefen Dadin Kowa, jihar Gombe. Zomaye suna yi mini ɓarna a gona, zabi da fakara kuma suna sauka da yamma. Ina so in sayi ƙaramar bindiga mai harsashin .22, irin wadda ake ja wa sakata da hannu bayan kowane harbi, don koyon saiti da ɗan abin miya. Wani abokina ya ce zai haɗa ni da mai sayarwa ba tare da wahalar takarda ba, kuma ya ce in fara gwada hannuna a kan kurciyoyin da ke sauka bisa kuka. Sai dai wani ɗalibi a masallacinmu ya ce duk abin da harsashi ya kashe kafin a yanka shi mushe ne. Mene ne gaskiyar magana, kuma wace iri zan zaɓa?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, farauta don ci ko don kare amfanin gona halal ce, zomo da fakara da zabon daji duk ana cin su, koyon harbi kuma abin so ne. Waɗannan ba su buƙatar dogon bayani. Abin da ya tsayar da ni a wasiƙarka shi ne shawarwari biyu na abokinka.

Ta farko, maganar "ba wahalar takarda". Kada ka kusanci wannan ciniki. Dokar makamai ta Najeriya, wadda aka kafa tun 1959, ta sanya bindigar farauta irin wannan cikin rukunin da ba a riƙewa sai da lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda, kuma harsashinta ma yana ƙarƙashin dokar. Biyayya ga hukuma a irin wannan wajibi ce, domin tsare jini aka nufa da ita, kuma mu mutanen Arewa maso Gabas mun ga abin da makami marar rajista ya jawo. Bindigar da aka miƙo maka ta bayan gida ba ka san jinin wa ke kanta ba. Je hedikwatar 'yan sanda a Gombe ka fara tambaya ko ana bayar da sabon lasisi a yanzu, don an sha dakatar da shi. In an ce a'a, magana ta ƙare: tarko da shinge da kare sun ishe ka a kan zomo. Duk abin da zan faɗa daga nan na wanda ya samu izini ne, ya kuma saya a hannun dila mai rajista.

Ta biyu, kurciyar kan kuka. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana a mayar da abu mai rai abin gwada saiti, hadisin yana cikin Muslim daga Ibn Abbas. Wanda bai iya ba, ya ɗora hannunsa a kan tsuntsu don ya koya, fiffike zai karya, ko ya fasa ƙafa, tsuntsun ya tafi ya mutu a wahale. Bayan haka, harsashin .22 da aka harba sama ya kuskure yana iya tafiya fiye da kilomita ɗaya da rabi kafin ya faɗo, kuma yana faɗowa da sauran ƙarfinsa. Bayan kukar nan akwai makiyayi, akwai yarinya mai itace. Kisan kuskure diyya ce da azumin wata biyu a jere, ban da abin da zuciya za ta ɗauka har kabari. Koyo a kan kwali ake yi, a jingine shi da tudun ƙasa mai laushi wanda ya fi tsayin mutum. Ban da dutse, ban da fuskar ruwa, don wannan ƙaramin harsashi yana tsalle a kansu ya canza hanya, kai kuma ga ka a bakin dam.

To, mu zo ga maganar ɗalibin. Ba daga kansa ya ƙirƙiro ta ba, ra'ayi ne na wasu manyan malamai, kuma ya kamata ka san inda ya fito. Ibn Abidin, malamin Hanafiyya na Sham da ya rasu a 1252 bayan hijira, ya ce raunin dalma, wato harsashin bindiga, yana faruwa ne ta hanyar ƙuna da nauyi saboda ƙarfin tunkuɗa, tunda ba ta da kaifi, don haka abin da ta kashe bai halatta ba, ya kuma jingina fatawar ga Ibn Nujaim. Masu wannan ra'ayi suna kawo maganar Ibn Umar cewa abin da aka kashe da "bunduƙa" jefaffiya ce, wato wadda Suratul Ma'ida ta haramta.

Wannan hujja ba ta tsaya ba. Bunduƙar da Ibn Umar ya sani dunƙulen yumɓu ne da ake busarwa a harba, kamar yadda yaranmu ke harba tsakuwa da danƙo. Tana farfasa ƙashi, tana sumar da tsuntsu, amma ba ta huda fata. Sunan ne kawai ya wuce zuwa ga bindigar albarushi bayan ƙarnoni, hukunci kuwa yana bin haƙiƙar abu. Shehu Dasuƙi, malamin Malikiyya wanda ya rasu a 1230 bayan hijira, ya faɗa a hashiyarsa cewa magabata ba su da nassi a kan dalma domin albarushi bai bayyana ba sai tsakiyar ƙarni na takwas bayan hijira, sannan ya ce ƙiyasinta a kan ta yumɓu ɓatacce ne, saboda dalma tana hudawa ta ratsa, yumɓu kuwa dakewa da karyawa ne aikinsa. Ya ambaci Ibn Gazi da Manjur da Abdulƙadir Alfasi cikin waɗanda suka halatta, kuma kafinsa Shehu Dardir ya kawo cewa dalma ta fi makami ƙarfi. Shaukani ma a kan halacci yake.

Zancen kaifi kuwa, dubi abin da Annabi ya gaya wa Adiyyu ɗan Hatim game da mi'irad, sandar jifa mai tsini: in ta huda, ci, in ta buge shi da faɗinta, kada ka ci. Hudawar ce ma'auni. A hadisin Rafi'u ɗan Khadij kuma, abin da ya zubar da jini aka ambaci sunan Allah a kansa, a ci. Ɗauki zomon da .22 ta samu a ƙirji ka duba: rami ne ɗan ƙarami a wajen shiga, sau da yawa da wani a wajen fita, jini yana bin gashi, in ka feɗe ka tarar da huhu a huje. Ba za ka ga naman da ya gasu ba, balle a ce ƙuna ce ta kashe shi. Dalma mai nauyin giram 2.6 ce, ba ta kai nauyin wata tsakuwar danƙo ba, tana fita da gudun kusan mita 330 a daƙiƙa, don haka zancen nauyi ma bai hau ba. Abin da ya rage daga tsoron Ibn Abidin wuri ɗaya ne: in harsashi ya daki ƙasa ya baje sannan ya bugi dabba bai huda ba, ko bindigar iska marar ƙarfi ta sumar da tsuntsu ba jini, wannan jefaffiya ce, sai in ka riske shi da rai ka yanka. Ka gaya wa ɗalibin haka cikin ladabi, ya yi taka-tsantsan ne a kan abinci, ba a zarginsa.

Sai dai halaccin yana da sharuɗɗa, kuma a nan mafarauta suka fi zamewa. Ka yi bismillah lokacin da za ka danna kunama, da niyyar wannan dabbar da ka gani. A mazhabar Malik wanda ya manta ana ci, wanda ya bari da gangan ba a ci. In kwali ka nufa sai tsuntsu ya gitta harsashi ya same shi ya mutu, ba a ci, don ba farauta ka nufa ba. In ka harba, tashi ka bi nan take, wuƙarka a jikinka. Shehu Halil, mai littafin Mukhtasar na Malikiyya, ya faɗi cewa wanda ya yi jinkirin bi, ko ya bar wuƙar cikin jaka ko a hannun wani har dabbar ta mutu alhali da zai iya yankawa, ba a ci. In ta faɗa ruwa ka tarar da ita matacciya, bar ta, ba ka san ruwan ne ya kashe ta ko harsashinka ba.

Ga kuma wadda ta fi shafarka. Ka ce zabi suna sauka da yamma. Na wa ne? Zabon gida yana nisa da kiwo, ya cuɗanya da na daji, daga mita 40 ba kowa ke bambancewa ba. Mai Risala ya ce dabbar gida ba a cin ta da abin da ake cin ta daji, wato sai da yanka. Saboda haka in ka harbe zabuwar maƙwabci ta mutu, ka haɗa biyu: mushe a tukunyarka, da biyan kuɗinta a wuyanka. In kana shakka, sauke bindiga. Da damina kuma ƙyale su gaba ɗaya, lokacin ƙwai ne da 'yan tsaki. Yankari da Lame-Burra ta wajen Bauchi wurare ne da hukuma ta killace, ba a shiga da bindiga ko da lasisi.

Game da zaɓi, mai sakata ta dace da kai. Harbi ɗaya take yi sai ka ja, wannan yana koya wa hannu natsuwa, kowane harbi da bismillarsa. Ana zare sakatar a goge bututu ta baya, ana kuma ajiye ta daban a kulle, yaro ya ɗauki bindigar bai samu komai ba. Tsaya a kan harsashin .22 LR, wanda ake yi tun 1887; ɗan'uwansa .17 HMR yana tarwatsewa a jiki ya lalata naman ƙaramar dabba. Daga sanannun ƙira akwai CZ 457 ta ƙasar Cek, Tikka T1x ta Finlan, da Savage Mark II da ake ƙerawa a Kanada, da Ruger American ta Amurka. Suna kaɗai bai isa ba, gwaji ne alƙali: ka kwanta, ka ɗora ta a kan buhun yashi, ka yi harbi biyar a mita 50. In murfin kwalbar lemo ya rufe ramukan biyar, ta yi. In sun warwatsu kamar faɗin tafin hannu, canza kamfanin harsashi ka sake, domin kowace .22 tana da irin da take so. In ba ta gyaru ba, bar ta. Annabi ya yi umarni da kyautata kisa, wurin da ake nufa a kan zomo kuwa bai fi wannan murfin da yawa ba, bindigar da ba ta iya samunsa azabtarwa za ta riƙa yi.

In ta hannu ce, fara da lambar jikinta: in an kankare, juya ka tafi. Zare sakata ka leƙa bututun ta wajen haske, zanen da ya murɗa a ciki ya fito sarai, ba tsatsa, ba wani zobe mai duhu, wanda alama ce ta an taɓa harbi bututu a toshe ya kumbura. Duba leɓen bakin bututun, ɗan targaɗe a nan ya isa ya ɓata saiti. Duba kuma gefen ramin da harsashi ke zama. Irin wannan harsashi a gefen gindinsa allura, wato tsinken ƙarfen da ke tayar da harbi, ke dukansa, don haka in an saba danna kunama babu komai a ciki, a wasu ƙirar allurar tana sarar ƙarfen ta bar tabo, daga nan kwanso ya riƙa maƙalewa. Kunama ta saki a tsabtace da nauyin kilo ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Gwada makullinta bayan ka tabbatar babu harsashi: ɗana, kulle, danna kunama, sannan buɗe makullin. In ta saki da kanta, wannan bindigar za ta kashe wani wata rana. Mai gindin katako takan sha danshi da damina, katakon ya kumbura ya matsi bututu, saiti ya kauce. Zura takardar naira tsakanin bututun da katakon, a ƙirar da aka bar wa sarari ya kamata ta wuce ba tsayawa. Madubin saiti mai ninki huɗu ya wadatar.

Daidaita ta a mita 50, kuma kada ka harbi mai rai a nesa da haka. A mita 100 harsashin yana sauka da kusan santimita 15 ko fiye, iskar hunturu kuma tana tura shi gefe. Gada da abin da ya fi ta girma ba na wannan harsashi ba ne. In ka danna ba ta tashi ba, bar bakinta yana kallon tudun, ƙirga daƙiƙa 30, sannan ka buɗe. Mai kaɗan za ka shafa lokacin hunturu, don ƙura da mai in sun haɗu suna daskarar da allura. Wajen gyaran nama, yanke kewayen ramin harsashi ka yar saboda ɓurɓushin dalma, musamman in yara ko mai ciki za su ci.

Kada ka nuna wa kowa bakinta ko da wasa, ko ka rantse babu komai a ciki, hanin Annabi a kan haka a fili yake. Kada ka ba da aronta, har ga abokin nan naka, domin lasisi na mutum ɗaya ne. Kuma ranar da shanu suka shiga gonarka ranka ya ɓaci, bar ta a kulle a gida, ka tafi wurin mai unguwa hannu sake.

Wallahu a'alam.