Ajujuwan makaranta masu haske da iska ba tare da wutar lantarki ba

Malam, kana tambayar yadda za a gina jerin ajujuwa su samu haske da iska ko babu fanka. Ka fara da fuskar ginin: tsawonsa ya miƙe daga gabas zuwa yamma, tagogi su kalli kudu da arewa daura da juna, iska ta shiga ta nan ta fice ta can. Bangon yamma kada a huda masa taga, ranar la'asar ce ke gasa yara. Faɗin aji kada ya wuce mita 7, in ya wuce tsakiya duhu take yi. Silin ya kai mita 3.5, a bar kafofin iska tsakaninsa da kwano a sa musu raga, zafin da ya taru a sama ya samu mafita.

Sharaɗi ɗaya: iskar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa da ƙura, don haka tagogin arewa su zama masu rufuwa ruf. A dasa darbejiya ta wannan ɓangaren, amma a ba ta tazarar mita 6 daga bango, domin saiwarta na tsaga harsashin gini.