Filin Direbobi: Jan tirelar kwana a hanyar Oodnadatta

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina aiki a Adelaide, ƙasar Ostareliya. A hutun Yuli ina son in bi hanyar Oodnadatta da iyalina a Prado, muna jan ƙaramar tirelar nan da ake buɗewa ta zama tanti. Ban taɓa jan komai a kan burji ba. Me zan kiyaye?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka iya zaɓen lokaci, don Yuli sanyi ake yi a can. Daga garin Marree, inda hanyar ta fara, zuwa Marla, inda ta ƙare, ya ɗan haura kilomita 600, kuma a tsakani William Creek da Oodnadatta ne kawai za ka sha mai, kowane zango kusan kilomita 200. Ka riƙe jarka, domin mota mai jan kaya ta fi shan mai.

Babbar matsalarka gargada ce, irin wadda ke jere kamar kunyar gona. Kai da ke kan kujera za ka ji ta, ka rage gudu. Tirela kuwa ba ta da baki, sai dai ka ga tayarta ta wuce ka. Na taɓa jan janareta a kan burji, ina ta hira, ban tsaya ba sai da warin giris ya shigo mota. Boris, wato ƙarfen da taya ke juyawa a kansa, ya riga ya narke, a wurin muka kwana. Tun daga ranar, duk bayan awa ɗaya nake tsayawa in kai bayan hannu kusa da tsakiyar kowace taya. Ɗumi ba komai ba ne. Idan ɓangare ɗaya ya fi ɗaya zafi, to kada ka motsa sai ka kwance ka duba. Ka taɓa shokazoba ma, ka bi noti-noti da sifana. Boris na safaya, giris, da safayar taya biyu, kada ka bar gida babu su.

Da zarar ka sauka daga kwalta, rage iskar tayoyi, har da na tirelar, zuwa wajen 26 ko 28 a geji. Taya mai tauri ita duwatsu ke farkewa. Amma in ka rage iska dole ka rage gudu: kada ka wuce 80, wani wurin ma 40 ta yi yawa. Ka tafi da famfon iska na lantarki don ƙarawa idan ka koma kwalta.

Dokar Ostareliya ta ce tirelar da ta haura kilo 750 da kayanta sai da birkinta. Kaya masu nauyi a saman gatarin taya, ba a wutsiya ba, in ba haka ba za ta riƙa yi maka rawa. Sannan ka manna kwali a gilashin baya. Tsakuwa kan daki gaban tirela ta dawo ta fasa shi.

Wayarka za ta daina aiki a mafi yawan hanyar, don haka ka yi hayar ta tauraron ɗan'adam. In an yi ruwa hukuma kan rufe hanyar, wanda ya kutsa kuma a ci shi tara. Idan mota ta lalace, Allah ya kiyaye, kada kowa ya bar wajenta da sunan neman taimako.

A Marree ka tsaya ka nuna wa yara masallacin laka da aka sake ginawa don tunawa da Musulmi masu raƙuma, waɗanda ake kira 'yan Afghanistan, da suka yi fatauci a yankin tun ƙarni na 19. Allah ya kai ku lafiya.