Waɗanne fayafayan SACD suka cancanci kuɗinsu?

Malam, ka ce wani ɗan'uwanka ya kawo maka na'urar SACD (Super Audio CD, wani faifan kiɗa mai kama da CD da aka yi don ƙarin ingancin sauti) nan Gusau, kana neman sanin fayafayan da za ka fara saya.

Kamfanonin Sony da Philips ne suka fito da wannan faifai a 1999, kuma fifikonsa a kan CD ba ya bayyana sai a kiɗan da aka naɗa da kyau tun asali. Shi ya sa na fi son ƙananan rukunonin jaz da kiɗan gargajiyar Turawa, inda kayan kiɗan ba su cunkushe ba. Wanda na fi maimaitawa shi ne Kind of Blue na Miles Davis, makaɗin jaz ɗan Amurka, naɗin 1959. Idan dare ya tsala, janareton maƙwabta ya yi shiru, har hucin iskar mai busa ƙaho nake ji, kowane makaɗi yana zaune a gurbinsa.

Inda mutane ke tafka kuskure shi ne faifai mai hawa biyu, wato mai ɗauke da hawan CD da na SACD, domin na'urar CD tana karanta hawan CD kaɗai, mai ita kuwa yana zaton sautin SACD yake ji. Haka nan, waƙar da aka kwafo daga tsohon kaset ba ta ƙara kyau don an zuba ta a faifai mai tsada, kuma ƙaramar lasifika tana binne bambancin gaba ɗaya.

Kafin ka jona wuta, ka duba bayan na'urar, domin wadda aka yi wa kasuwar Japan volt 100 take ɗauka, wutarmu kuwa 230 ce. Idan ƙurar hunturu ta hana ta karanta faifai, ka kai wa ƙwararren mai gyara, kada ka goge idonta da kanka.