Kafin ki kai fastar nan maɗaba'a

Kin tambaya ko fastar A3 da kika tsara don aikin makaranta ta isa a buga. Da saura kaɗan, 'yar'uwa, amma ba gyaran da zai hana ki barci ba ne.

Kanun ya yi, ana karanta shi daga nesa. Sai dai salon haruffa har huɗu kika zuba, ido ya rasa inda zai tsaya. Biyu sun isa.

Inda na fi jin tsoro shi ne launi. Fayil ɗinki yana RGB, wato launin fuskar kwamfuta, alhali injin bugu da tawada huɗu yake aiki, CMYK. Shuɗin nan mai ƙyalli da ya burge ki zai fito a dushe. Ki mayar da shi CMYK tun yanzu, ki ga gaskiyarsa. Ƙananan rubutun ƙasa kuma ki bar su da baƙar tawada zalla, K 100. In aka haɗa su da tawada huɗu, injin ya ɗan goce, sai harafi ya yi inuwa kamar an taɓa shi da jiƙaƙƙen yatsa. Na taɓa cin wannan wuya.

Ki tabbata hoton ya kai dpi 300, wato ɗigo 300 a kowane inci, a girman da za a buga. Launin bango ya zarce layin yanka da milimita 3, in ba haka ba farin zare zai bayyana a gefe.

Ki fara buga kwafi ɗaya, ki manna a bango, ki ja baya taku biyar ki duba.