Ɗan aiken AI yana rubuta oda alhali farashi aka tambaya: laifin waye?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Garwa, a Kamaru. Yayana yana sayar da shinkafa da sukari da man girki a sari, sai na haɗa masa mataimaki na AI a WhatsApp. Na ba shi kayan aiki uku: duba_farashi, duba_kaya da rubuta_oda, kowanne da bayaninsa. A idona komai a fili yake, amma sai mutum ya tambayi farashi shi kuma ya rubuta masa oda. Yaya zan gane ko bayanina ne bai yi ba, ko kuwa AI ɗin ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Idonka ba zai iya yin wannan alƙalancin ba, domin kai ka san abin da ke cikin manhajar, shi kuwa AI bai gani. Tun da kamfanin OpenAI ya fito da tsarin kiran kayan aiki (wato AI ya zaɓi aikin da manhaja za ta yi masa) a watan Yunin 2023, har zuwa MCP, ƙa'idar haɗa AI da kayan aiki, da kamfanin Anthropic ya fitar a Nuwamban 2024, abu uku kawai ake miƙa masa: suna, bayani, da guraben da zai cike, waɗanda ake tsarawa da JSON, wani salon rubuta bayanai da kwamfuta ke karantawa. Kamar sabon yaron shago ne da aka ba takarda aka ce kada ya tambayi kowa.

To fara da yaron shago na gaske. Rubuta bayanan uku a takarda, ka karanta masa saƙonni goma na masu saye, ya faɗi wanne zai ɗauka a kowane. Inda ya tsaya yana sosa ƙeya, ka sa alama.

Sannan awo na sosai. Ka tara saƙonni kamar 50 daga wayar yayanka, ka goge sunaye da lambobi. Kada ka ƙirƙiro su da kanka, naka za su fito da tsafta fiye da kima. Na kasuwar Garwa sukan zo da Hausa da Fulatanci da Faransanci a layi ɗaya. Gaban kowane ka rubuta amsar da ta dace tun kafin gwaji: wane kayan aiki, da me za a cike. Ka sa har da waɗanda ba sa buƙatar komai, irin su "Alhaji ina kwana, ya kasuwa?" Masu bincike na jami'ar Berkeley a Amurka, da ke jera manhajojin AI bisa iya kiran kayan aiki, su ma suna auna ko zai iya kama hannunsa idan babu abin kira. Ka ƙirga abu uku daban-daban: ya zaɓi daidai, ya cike daidai, ya ƙyale inda ya kamata ya ƙyale. In ka cakuɗa su a maki ɗaya, ba za ka san inda ciwon yake ba.

Wajen cikewa ne na fi jin tsoro, kuma ba ka ma ambace shi ba. A ce akwai gurbi mai suna "kuɗi", bayaninsa "adadin kuɗi". Mai saye ya ce dala ɗari. Kai da yayanka kun san sefa 500 yake nufi, tunda a ƙirgen Hausa dala ɗaya sefa 5 ce. AI zai iya sa 100 ya wuce abinsa, kuma ba wani kuskure da zai bayyana a allo. Baƙo daga Njamena ta Chadi ya ce riyal, lissafin dai shi ne. Haka buhun shinkafa: mai kilo 25 ko mai 50? Bayanin gurbin ya ce ƙarara: "a sefa, lamba zalla; idan an ce dala ko riyal a ninka sau 5; idan ba a faɗi girman buhu ba, a tambaya."

Matsalar da ka kawo kuwa, ina zargin ka rubuta wa rubuta_oda wani abu kamar "idan ana maganar sayen kaya". Ai "nawa za ka bar min buhu biyar?" maganar saye ce, amma ciniki ne, ba a sallama ba. Ka faɗa masa lokacin da ba a amfani da shi, ka nuna masa duba_farashi a madadinsa.

Kowane saƙo ka gwada shi sau biyar, don amsar AI takan canza ko da tambayar ɗaya ce. Ka riƙa gyara abu ɗaya a lokaci guda kana sake awo. Ka ɓoye saƙonni 10 sai ƙarshe, kada ka wayi gari ka gyara bayanin don jarrabawarka kaɗai. Don raba gardamar da ka tambaya, ka ba wani AI na daban bayanan nan da saƙonnin nan: in su biyun sun yi tuntuɓe a wuri ɗaya, laifin bayaninka ne.

Oda kuwa tana taɓa dukiyar yayanka, kada ka bar ta a hannun bayani kaɗai. Ka sa a cikin manhajar kanta cewa ba a rubuta komai sai an nuna wa mai saye kaya da adadi da jimilla a sefa, ya amsa da "na yarda".